Ina So In Gwada Kofin Al'ada, Amma Tsoro Ya Hana Ni

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 29, 'ya'yana biyu, kuma dukansu da kaina na haife su ba tare da an yi mini aiki ba. Ina zaune a Unguwar Rogo a nan Jos, ina koyarwa a wata makarantar firamare can wajen Bukuru, saboda haka tun ƙarfe 6:30 na safe nake barin gida, ba na dawowa sai bayan la'asar. A rana ta biyu da ta uku ta al'adata jini yana zubar mini sosai, audugar mata kuma tana sa mini ƙaiƙayi da saɓar fata a matsematsi, ga tsadar da ta yi. Banɗakin makarantarmu ba shi da kwandon shara, ni kuma an tarbiyyantar da ni a kan cewa mace ba ta yar da jininta inda ido zai gani, don haka sai in ƙulle audugar da na cire a leda in sa a jaka, in na dawo gida in wanke in ƙona. Wata abokiyar aikina ta nuna mini wani ɗan kofi mai laushi da ake sawa a gaba ya tare jinin, ta ce shekararta biyu rabonta da sayen auduga. Raina ya biya, amma ina tsoron kada ya shige ciki ya ɓace, ko ya buɗa ni maigida ya ga canji. Ban san wane girma zan saya ba, ina kuma kan tsarin tazarar haihuwa. Sannan ta yaya zan gane na samu tsarki in yi wanka alhali jinin ba ya fitowa waje? Ƙanwata mai shekara 19 da ba ta yi aure ba ita ma ta ce tana so. Ki taimaka mini da shawara.

Daga wata malama, Unguwar Rogo, Jos.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ledar nan da kike ɗauko wa tun daga Bukuru har gida, tana kwance a jaka ɗaya da littattafan ɗalibanki da kuɗin motarki. Mata da yawa haka suke yi, faɗa ne kawai ba sa yi. Shawarata ita ce ki gwada kofin, domin yawancin abin da kika lissafa yana cikin abin da yake magancewa, amma bisa sharaɗi biyu: kada ki je ki sayi irin na abokiyar aikinki don kawai ita ya karɓe ta, sai kin auna naki jikin tukuna, kuma kada ki yanke masa hukunci a watan farko.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. Wata 'yar wasan kwaikwayo ta Amurka mai suna Leona Chalmers ta yi rajistar irinsa tun a 1937, sai dai na wancan zamanin da roba mai tauri aka yi shi, bai samu shiga ba. Ya fara yaɗuwa ne a farkon shekarun 2000, lokacin da aka koma yin sa da silikon irin wanda ake kayan asibiti da shi. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet Public Health ta buga wani nazari da ya tattara bincike 43 da suka shafi mata fiye da 3,300 a ƙasashe masu arziki da marasa shi. An gano cewa yoyonsa bai fi na auduga ba, a wani wurin ma bai kai ba, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na matan da aka tambaya sun so su ci gaba da shi bayan sun saba. Ki riƙe kalmar sabawa ɗin nan, domin a kanta maganar take.

Bari in fara kawar miki da tsoron ɓacewa. Farji ba rami ba ne marar iyaka. Hanya ce gajera, tsawonta kamar na yatsa ko ya ɗan fi, kuma a ƙarshenta bakin mahaifa yake, wanda ƙofarsa ƙarama ce ƙwarai, jini na iya fitowa ta cikinta amma kofi ba shi da ta inda zai shiga. Yana iya ɗan hawa sama har yatsa ya yi wuyar kamo shi, wannan yakan faru, zan kuma gaya miki abin yi, amma ba ya wucewa ko'ina. Batun buɗewa ma haka yake. Naman wurin tsoka ce mai miƙewa ta koma yadda take, kin kuma fi ni shaida tunda kan jariri, wanda faɗinsa ya kai santimita 9 zuwa 10, ya bi ta nan sau biyu. Bakin kofi galibi santimita 4 ne zuwa 4 da rabi, kuma a naɗe yake shiga. Idan akwai abin da nake tsoro wa matanmu a wannan wurin, to alif ne da sauran tarkacen matsi da ake cusawa, waɗanda ke busar da wurin su jawo ƙwayoyin cuta, ba wannan kofin ba. Maigida kuwa ki sanar da shi da bakinki tun kafin ya tarar da abin a ɗaki yana tambayar ko mazurarin me ne.

Yanzu batun zaɓe, wanda nan ne yawancin mata ke asarar kuɗinsu. Kafin ki ba kowa ko naira ɗaya, ki jira al'adarki mai zuwa. A rana ta biyu ki wanke hannu da sabulu, ki tsuguna, ki sa yatsanki mafi tsawo a hankali har ki taɓo wani abu mai santsi, mai ɗan tauri kamar kan hanci. Shi ne bakin mahaifa. Idan kin taɓo shi tun gaɓar farko ta yatsan ce kawai ta shiga, naki yana ƙasa, gajeren kofi ne zai zauna miki. Idan sai a gaɓa ta biyu, matsakaici ne, kusan kowane kofi zai yi. Idan kuwa yatsan ya shige gaba ɗaya da ƙyar kika taɓo shi, ko ma ba ki kai gare shi ba, naki yana sama, ki nemi mai tsawo domin ki samu abin kamawa lokacin cirewa. Na ce ki auna cikin kwanakin jinin ne saboda bakin mahaifa yana sauya wuri a cikin wata, kuma ga mata da yawa yakan sauko a lokacin al'ada. Awon da kika yi kina cikin tsarki zai iya yaudararki. Na san wata za ta ji nauyin yin wannan awon, amma macen da ba za ta iya taɓa wurin da yatsanta ba, ba za ta iya sarrafa kofi ba, saboda haka awon shi ne jarrabawar farko, kuma kyauta ne.

Kamfanoni sukan yi girma biyu. Ƙaramin sukan ce na mace ce 'yar ƙasa da shekara 30 wadda ba ta taɓa haihuwa da kanta ba, babban kuma na wadda ta haihu ko ta haura 30. Ke da haihuwa biyu ga jini mai yawa, babban ne ya fi dacewa ki fara da shi. Ƙananan sukan ɗauki mililita 20 zuwa 25, manyan kuma 30 ko sama da haka, wato kamar cokalin cin abinci biyu. Akwai kuma bambancin tauri da laushi, wanda ba kasafai mai sayarwa ke ambata ba. Mai tauri yana saurin buɗewa da kansa in ya shiga, amma yakan danne mafitsara har mace ta riƙa jin fitsari a kai a kai; mai laushi sosai ba a ma jin sa a jiki, sai dai yakan ƙi buɗewa ya zauna a naɗe, jini ya bi ta gefe. Ga mai farawa, na tsakiya ya fi.

Ki tambaya a manyan shagunan magani na wajen titin Ahmadu Bello. Idan ba su da shi, ana sayarwa ta intanet a aiko daga Legas ko Abuja. Duk inda za ki saya, ki tabbata kwalin yana ɗauke da sunan kamfani da takardar bayani, kuma an rubuta cewa da silikon na asibiti aka yi shi. Ki duba 'yan ƙananan hudojin iska da ke kewaye da bakinsa, su kasance a buɗe, gefensa ya zama sumul ba kaifi, kuma kada ya yi warin roba. Waɗanda ake tallatawa uku a leda ɗaya da kuɗin da bai kai na fakitin auduga ba, ki bar su. Araha ba ta ado, ballantana ga abin da zai kwana a cikin jiki. Mai kyau ɗaya yana iya kai shekaru, wasu kamfanonin ma sukan ce har 10, don haka ki lissafa abin da kike kashewa a auduga cikin wata shida, ki gwada shi da farashin kofin, za ki ga inda riba take.

Kin ce kina kan tazarar haihuwa, amma ba ki faɗi wane iri ba, kuma a nan bambancin yana da muhimmanci. Idan ƙwaya kike sha, ko allura, ko ashanar da ake sawa a damtse, babu ruwansu da kofi. Idan kuwa robar mahaifa ce aka sa miki, ki dakata sai kin koma wurin ma'aikaciyar da ta sa miki ita. Robar tana da zare biyu da ke leƙowa ta bakin mahaifa, kuma ana iya haɗawa da su a ja lokacin cire kofi. A nazarin nan na 2019 an samu mata 13 da robarsu ta goce. Ba haramta shi aka yi ba, amma a duba zaren, a rage tsawonsa idan ya yi yawa, a kuma nuna miki yadda za ki kauce masa. Haka nan ba a sa kofi don jinin biƙi ko bayan ɓari, sai an koma asibiti an duba an ce wurin ya warke, wanda bayan haihuwa yakan kai mako 6.

Ranar da kofin ya zo hannunki, ki tafasa shi kafin ya taɓa jikinki. Ki ware masa ƙaramar tukunya tasa shi kaɗai, ki zuba ruwa mai yawa yadda zai yi iyo bai kwanta a gindin tukunyar ya ƙone ba. Takardun bayani sukan ce minti 5 zuwa 10. Ni nakan cika goman, domin Jos tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, kuma ruwa yana tafasa a nan tun zafinsa yana wajen digiri 96, bai kai na bakin teku ba. Kada ki ɗora ki tafi wani aiki. Na san wadda ta dawo ta tarar ruwan ya ƙone ƙurmus, kofin ya manne da tukunya.

Gwajin farko kada ya zama safiyar Litinin kina sauri ki kama mota. Ki zaɓi ranar da kike gida, cikin kwanakin da jinin bai yi ƙarfi ba, lokacin da yara suka yi barci ko suka tafi Islamiyya, ba mai ƙwanƙwasa miki ƙofa. Ki rage farce, ki wanke hannu. Idan lokacin hunturu ne, ki jiƙa kofin da hannunki da ruwan ɗumi, domin sanyin garin nan kaɗai ya isa ya sa jiki ya ƙanƙame, jikin da ya ƙanƙame kuwa ba ya karɓar komai. Hanyar naɗewa da aka fi nunawa ita ce a matse bakin kofin ya haɗe, sannan a ninka shi biyu. Ni na fi son ɗayar ga mai koyo: ki danna gefe ɗaya na bakin da yatsa zuwa can cikin kofin, sai bakin ya tsuke ya yi tsini kamar furen da bai buɗe ba. Ki riƙe shi gam a haka, ki tsuguna, ki buɗa wurin da ɗaya hannun, ki tura shi a hankali. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne turawa sama a tsaye, alhali hanyar ta karkata ne baya, wajen ƙarshen ƙashin bayanki. Idan ya shige har gindinsa ya ɓoye, ki sake shi ya buɗe. Daga nan ki zagaya gindin da yatsa. Idan kin ji shi zagaye ba lotsawa, ya buɗe, idan kuma kin ji wani gefe a lotse, ki kama gindin ki ɗan juya shi ko ki ɗan jawo shi ƙasa kaɗan. In kika ja a hankali kika ji yana riƙewa, to ya kama.

Kofin da ya zauna daidai ba a jin sa. Idan 'yar wutsiyar da ke gindinsa tana sukar ki in kin zauna ko kina tafiya, ki ciro kofin, ki rage ta da almakashi kaɗan, ki mayar ki ji, ki sake ragewa idan da buƙata. Kada ki yanke ta gaba ɗaya a tashi ɗaya, kuma kada almakashi ya kusanci jikinki.

Cirewa ce ta fi sawa wuya, kuma a nan zan ba ki labarin kaina don kada ki ce ke kaɗai ce. Na fara amfani da shi ina da shekara 38, bayan haihuwa huɗu, ina ganin babu abin da ban sani ba game da jikina. Na kwana da shi a daren farko, da asuba na shiga banɗaki na nemi wutsiyar na rasa, domin cikin dare ya ɗan hau sama. Watan Disamba ne, ana sanyin da ruwan randa ke yanka hannu, amma gumi nake yi, har na fara tunanin da wane baki zan yi bayani a asibiti. Da na ga lalube ba ya yi, sai na fito na zauna a bakin gado na ɗan lokaci har numfashina ya daidaita, na koma na tsuguna sosai, na yi nishi kaɗan kaɗan kamar mai bayan gida, sai ga shi ya sauko har yatsana. Murna ta sa na kama wutsiyar na fizga. Na ji kamar ana zuƙo cikina, kofin kuma ya fito a karkace ya kife a ƙasa, ya ɓata mini gefen zane. Laifina biyu ne: na ja wutsiyar, ban kuma bari iska ta shiga kofin ya saki ba. Wutsiya ba ta ja ba ce, ta nemo gindin kofin ce kawai. Idan kin kai ga gindin, ki matse shi da babban yatsa da manuni, ko ki zura yatsa ta gefe ki danna bakin, har ki ji iska ta shiga ya saki. Sannan ki sauko da shi sannu a hankali, kina ɗan karkaɗa shi hagu da dama, bakinsa yana kallon sama. Idan wata rana ya ƙi, ki bar shi rabin awa ki sake gwadawa. Kada ki sa cokali ko wani ƙarfe. Idan duk da haka ya gagara, ki je asibiti ba tare da jin kunya ba, aikin minti ɗaya ne ga ma'aikaciyar jinya.

Game da makaranta, akwai wani abu da muke da shi wanda matan da suka rubuta takardun bayanin nan ba su da shi. Su babbar damuwarsu ita ce yadda za su ɗauraye kofi a banɗakin da babu ruwa sai takarda. Mu kuwa da buta muka tashi, tsarki da ruwa shi ne abin da muka sani, tsuguno kuma, wanda shi ne zaman da ya fi sauƙaƙa sawa da cirewa, ba sai an koya mana ba. Ki sa guntun sabulu a jaka, ki shiga da buta, ko ledar fiya wata guda biyu ranar da famfo ya ɗauke: ɗaya na wanke hannu tun kafin ki taɓa komai, ɗaya na ɗauraye kofi. Ki juye jinin a masai, ki bi shi da ruwa, ki ɗauraye kofin ki mayar. Babu leda, babu ƙonawa, babu idon da zai gani, kuma tarbiyyar da aka yi miki ba ta taɓu ba. Sai dai ki kiyaye abu ɗaya: ki ɗan ja baya daga bakin ramin lokacin da kike cirewa, domin kofi jiƙaƙƙe yana da santsi, abin da ya faɗa masai kuma ya tafi ke nan. Idan ya faɗi ƙasa ma kada ki mayar sai an tafasa shi, shi ya sa za ki riƙa ajiye auduga ɗaya a jaka. Yin fitsari ba ya buƙatar a cire kofin, hanyarsu daban.

Iyakar zamansa a jiki awa 12 ne, kuma wannan na ranakun da jinin ya yi sauƙi ne. A rana ta biyu da ta uku ki duba bayan awa 3 ko 4 har ki gane saurin cikarsa. Da tsarin aikinki, ki sa shi kafin ki fita, ki juye lokacin tara, ki sake juyewa kafin ki hau motar dawowa. A watanni biyu ko uku na farko ki haɗa da auduga marar kauri saboda tsaro. Idan kin ga yoyo alhali kofin bai cika ba, mafi yawan lokuta bai buɗe ba ne, ko ya zauna a gefen bakin mahaifa maimakon ƙarƙashinsa. Gyara zama yake so, ba jefarwa ba.

Wankinsa ba shi da wahala. Ki fara da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama jini ya bar tabo, sannan sabulu marar ƙamshi, ki ɗauraye sosai. Hudojin iskar nan sukan toshe. Ki cika kofin da ruwa, ki rufe bakinsa da tafin hannu, ki matse, ruwan zai fita ta cikinsu ya wanke su. Kada Dettol ko Izal ko ruwan bilic su taɓa shi, haka turare da miski da basilin. Idan al'ada ta ƙare ki tafasa shi, ki bar shi ya bushe, ki ajiye a 'yar jakar yadin da ya zo da ita, ba a leda ko robar da iska ba ta shiga ba. Zai sauya launi da daɗewa, wannan ba datti ba ne. Amma ranar da kika ga ya tsage ko ya fara danƙo, ya gama aiki.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira TSS, wadda gubar wasu ƙwayoyin cuta ke haddasawa idan abu ya daɗe a farji. Ba ta da yawa ko kaɗan, a nazarin nan mata 5 aka samu labarinsu, amma tana da haɗari. Alamominta zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, amai ko gudawa, jiri, da jan fata kamar ƙuna. Idan kin ga haka kina sanye da kofi, ki cire shi nan take ki tafi asibiti, kuma ki faɗa musu da bakinki cewa kina al'ada kuma kofi kike sawa, domin a wurinmu duk zazzaɓin da ya zo, maleriya ko taifot ake fara kira.

Tambayarki ta tsarki ta yi mini daɗi, domin ita ce wadda takardar kamfani ba za ta taɓa amsawa ba. Kofi ba ya sauya hukunci. Muddin jinin yana zuba a cikinsa, haila kike yi, ko da kamfanki ya wuni a bushe. Babu salla, babu azumi, babu saduwa. Alamomin tsarki su ne biyun nan da aka karantar da mu a Risala, wato farin kumfa ko bushewar gaba, kuma ba za ki ga ko ɗaya daga cikinsu ba alhali kofi yana tare da hanya. Saboda haka idan kin kai kwanakin ƙarshe, kin ga abin da ke taruwa ya koma ɗan kaɗan mai duhu, ki ajiye kofin, ki koma 'yar auduga marar kauri, ki riƙa dubawa da farar auduga mai tsabta idan lokacin salla ya gabato da kuma kafin ki kwanta. Ta haka ba za ki yi gaggawar wanka ba, ba kuma za ki bar salla ta wuce ki kina da tsarki ba ki sani ba. Idan kwanakin suka zarce abin da kika saba, wannan tambaya ce ta malamar Islamiyyarku, ta fi ni sanin lissafinsa.

Maganar ƙanwarki ba zan rufe ki ba. Ta fuskar lafiya, budurwa tana iya amfani da ƙaramin kofi mai laushi, 'yan makaranta ma sun yi amfani da shi a wani bincike da aka yi a yammacin Kenya. Tantanin budurci ba murfi ba ne da ya toshe hanya. Siririn nama ne a gefen ƙofar, mai kafa a tsakiya, shi ya sa jinin al'ada ke fita, kuma halittarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, har akwai waɗanda ba sa zubar da jini a daren farko ko da babu abin da ya taɓa shigarsu. Amma gaskiya ne kofi yana iya miƙar da shi ko ya tsaga shi. Wannan ba ya taɓa mutuncinta a wurin Allah, ba kuma ya mai da ita wadda ta san namiji, sai dai ni da ke mun san irin maganar da akan yi a wasu gidaje washegarin kai amarya, kuma ita ce za ta zauna da maganar, ba ni ba. Ke kika san gidanku. Idan kin san abin zai zame mata fargabar da za ta ɗauka har ranar aurenta, ta haƙura tukuna, ta yi amfani da audugar yadi da ake wankewa a shanya a rana a sake sawa, ita ma tana rage kashe kuɗi. Idan kuwa ta ji duk wannan bayanin ta ce ta zaɓa, ki taya ta neman mafi ƙanƙanta, nata na kanta, domin ba a aron kofi ko tsakanin ya da ƙanwa.

Sauran abu ɗaya da ke cikin wasiƙarki wanda ba ki tambaya ba, shi ne yawan jinin. Mace takan zubar da jini kimanin mililita 30 zuwa 40 a al'ada guda, likitoci kuma suna ɗaukar abin da ya haura 80 a matsayin mai yawa. Da auduga sai dai kintace, amma kofuna da yawa suna da layin awo a jikinsu. Abin da ke taruwa ba jini zalla ba ne, akwai ruwan jiki a ciki, don haka kada adadin ya firgita ki. Duk da haka, idan babban kofi yana cika miki cikin awa ɗaya ko biyu, ko kina ganin manyan gudaji, ko jinin yana wuce kwana 7, ko kina jin jiri da haki in kin hau tudu, to a auna ƙarfin jininki a kuma yi hoton mahaifa, domin ƙarancin jini da ƙarin mahaifa suna yawan ɓoyewa a bayan abin da mace ta ɗauka haka jikinta yake. Ki ware shafi ɗaya a bayan littafin shirya darasinki, duk lokacin da kika juye kofin ki rubuta rana da lokaci da inda jinin ya tsaya a layin. Bayan wata uku ki ɗauki shafin ki kai wa likitan mata ya gani.